Gidan haya a Imanan da Kurfai: da sunan wa kontar take?

Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya aka shiga watan Oktoba, motocin da ke tashi daga Yamai su bi ta Balleyara su nufi Filinge sukan ɗauko wani irin kaya da ba a rasa gane masu shi: katifa a naɗe, akwatin ƙarfe, buhun littattafai, fanka an ɗaure mata kai da tsumma, wani lokaci har da ƙaramin firigo da aka kwantar bisa buhunan shinkafa. Kayan ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki ke nan, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na gidan gona da na gandun daji. Wasu su sauka Bonkuku, babban garin Imanan, wasu su zarce Filinge, mai nisan kilomita 180 ko kusa da haka daga babban birni. Buƙatarsu duka ɗaya ce, wato su sami ɗakin da za su sa haƙarƙari kafin rana ta faɗi. Bayansu da ƴan makonni sai ga ƴan kasuwa, masu zuwa jiran dankalin turawa na gandayen Imanan a lokacin sanyi, da masu neman shago a bakin titi.

Cikin wannan gaggawa ne ake yin kuskuren da ake biya wata da watanni. Baƙo yakan duba rufi ko yana yoyo, ya girgiza ƙofa, ya leƙa makewayi, ya tambayi kuɗin wata. Ya ɗaga kai ya ga ƙwan wuta yana reto, dillali ya taɓa maɓalli ƙwai ya kama, shi ke nan magana ta ƙare, sai a ƙirga kuɗin wata biyu ko uku a miƙa wa mai gida. In ma ya yi ƙarfin hali ya ce: "Alhaji, kontar nan da sunan wa take?", amsar da zai samu sananniya ce: "Haba Mushe, ai gida gidanka ne, wannan ba abin damuwa ba ne." Kunya ta hana shi maimaita tambaya. Alhali kuwa wannan tambaya ita ce ta fi ta rufi da ta ƙofa nauyi, don rufi ana gyara shi da kwano ɗaya, rigimar wuta kuwa tana raba maƙwabta har abada.

Wanda ya yi karatu ko aiki a Faransa ya san cewa tun watan Yuli na 2007 mai haya a can yana da ikon zaɓen kampanin da zai sayar masa da wuta, ya auna farashin wannan da na wancan, ya canza in bai gamsu ba. A Nijar babu wannan. Kampanin NIGELEC, wanda aka kafa cikin 1968 ya gaji SAFELEC, shi kaɗai ke raba wuta a birane da garuruwan da wayarsa ta kai. A ƙauyukan da hukumar ANPER, mai kula da kai wuta karkara tun 2013, ta sa aka kafa ƙananan tashoshi, nan ma mai sayarwa ɗaya ne a gari. Ko a Najeriya, inda aka sayar da kampanonin raba wuta cikin 2013 aka kasa ƙasa kashi 11, kowane kampani da yankinsa, mutumin Kano ba ya sayen wuta hannun kampanin Kaduna. Ke nan ma'aikacin da ya sauka Filinge ba kampani yake zaɓe ba. Gida yake zaɓe, gidan kuma yana zuwa da wayarsa da kontarsa da bashinsa da mutanen da za a raba faktir da su. Ranar da ya miƙa kuɗin haya ya gama zaɓen wutarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Mafi yawan gidajen haya na waɗannan garuruwa jerin ɗakuna ne cikin fili ɗaya, huɗu ko biyar ko shida, kowa da ƙofarsa, kontar kuwa guda ɗaya a zaure. Masu gidaje suna son haka don jawo waya da kafa kontar kuɗi ne, kuma suna ganin rahusa suke yi wa kowa. Lissafi bai yarda da su ba. Farashin wuta hawa-hawa ne, gwargwadon yawan sha gwargwadon tsadar kowane ma'auni. A tsarin da ya fara aiki cikin Janairu na 2018, mai kontar gida yana biyan kimanin sefa 68 kowane kilowat na awa har zuwa 150 na farko, daga nan zuwa 300 ya koma kimanin 90, abin da ya haura 300 kuwa ya kai kimanin 127. An kuma keɓe wani matakin rangwame, ƙasa da sefa 60, domin talakan da shansa bai wuce 50 a wata ba. To a ɗauki gida mai ɗaki 5, kowane ɗaki yana shan 80 a wata. Da kowa na da kontarsa, kuɗin wutarsa sefa 5.440 ne, kafin a ɗora haraji da kuɗin ƙa'ida na wata. Da yake kontar ɗaya ce, sai ta nuna 400, ta ƙetare matakai biyu ta faɗa na uku, jimla ta kai 36.400, kowa ya tashi da 7.280. Bambancin ya kusa jaka biyu a wata, ba tare da wani ya ƙara kunna ko da ƙwai ɗaya ba. Gaskiya ne kuɗin ƙa'ida sau ɗaya ake biyansa a kontar tarayya, wannan yana rage tazarar, amma ba ya shafe ta. Wanda ya fi kowa cutuwa shi ne malamin kwantaragi mai ƙwai biyu da fanka ɗaya, wanda da shi kaɗai ne da ya zauna cikin matakin rangwame, ga shi an haɗa shi awo ɗaya da mai firiza.

Rabon faktir ɗin ma wata shari'a ce. A wasu gidaje ana rabawa daidai bisa ƙofofi, a wasu ana ƙirga ƙwai da fanka da talabijin, kowane da kuɗinsa. Duk hanyoyin biyu suna tafiya lafiya lokacin sanyi. Bazara na shigowa, cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, fanka ta kwana tana juyi, sai faktir ta ninka, daga nan a fara sa ido. Wance tana da dutsen guga a ƙarƙashin gado. Wane yana dafa ruwan shayi da wuta in dare ya raba. Matar wane tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, ribar tata ce ita kaɗai, faktir kuwa ta kowa. Mutanen da suka yi wata shida suna cin tuwo a kwano ɗaya sai su daina gaisawa a bakin rijiya. Akwai maganin rabin wannan cuta, wato ƙaramar kontar da ake saye a kasuwa a kafa wa kowane ɗaki, ta nuna abin da ya sha. Ba ta sauko da gidan daga matakin tsada, amma tana kashe zargi, kuma kuɗinta bai kai na faktir biyu na bazara ba. Mai gidan da ya ƙi a kafa ta, ya kamata a tambayi kai dalilinsa. Sau da yawa za a tarar ɗakin iyalinsa ko shagon ɗansa na bakin titi yana sha daga wannan kontar ba a ƙirga shi cikin rabo.

Ɗan kasuwa yana da ƙarin abin dubawa, shi ne ƙarfin da aka yi rajistar kontar da shi. Ƙananan gidaje yawanci kilowat 3 ne. Firiza biyu da injin ɗinki da dutsen guga in suka haɗu lokaci ɗaya, na'urar tsaro ta faɗi, gida ya yi duhu, kowa ya fito yana neman mai laifi. Wanda sana'arsa ta dogara da sanyi, mai ƙanƙara ko mai kifi ko mai sayar da magani, bai kamata ya shiga kontar tarayya ba ko da kyauta aka ba shi ɗakin.

Sai maganar suna. Kampani bai san mai haya ba, lambar kontar ya sani da sunan da ke bisa takarda. In wanda ya tashi ya bar bashin wata uku, ma'aikatan yanka ba za su bi shi Tawa ko Dosso ba, gidan za su zo, su yanke, su bar sabon shiga da fitilar hannu. Shi kuwa ba ya da bakin magana a ofis, tunda sunansa ba ya ko'ina. Mai gida yana iya kasancewa a Abijan ko Kumasi wajen bida, wakilinsa kuma ya ce ba a bar masa ko dala ba. Ƙarshenta baƙo ya biya bashin da bai ci ba, ya ƙara da kuɗin mayar da wuta, bisa alkawarin za a cire masa a haya, alkawarin da ba a rubuta ba. Abin da ke tsare mutum daga wannan ba shi da wuya: kafin kuɗi su fita aljihu a ga faktir ta ƙarshe da shaidar biyanta, a gwada lambar da ke jikinta da wadda ke jikin kontar, a karanta adadin da kontar ta nuna ranar shiga a rubuta shi gaban shaidu biyu. Wanda zai daɗe, shekara uku ko huɗu, gara ya nemi a mayar da rajista da sunansa, don kuɗin ajiya da ake biya wajen rajista mai suna ake mayar wa. In kuwa gidan ba ya da wuta sam, mai haya ne zai jawo ta da kuɗinsa, to ya tuna waya da kontar ba sa bin sa ranar tashi, gida suke ƙara wa daraja. Wannan kashe kuɗi haƙƙinsa ne a cire shi daga haya wata-wata, a rubuce, da sa hannun mai gida ko na mai unguwa. Tun ran gini ran zane.

Inda kontar kati ta iso, wato wadda ake sayen wuta tukuna a danna lambobi 20 kafin ta saki, an huta da faktir da fargabar yanka. Ta dace da ma'aikacin da albashinsa ke makara, don yana iya sayen ta jaka ɗaya ya lallaɓa har wata ya mutu. Amma ita ma a tambaya ko an ɗora mata tsohon bashin gidan, kuma in ta tarayya ce, a san cewa rigimar ba ta mutu ba, sheƙa ta canza: maimakon wa zai biya nawa, sai ta koma wa zai tashi ya saya yau da ta ƙare tsakar dare.

Akwai kuma gidajen da ake cewa suna da wuta, alhali wata siririyar waya ce ta ƙetaro katanga daga gidan maƙwabci, ko ta biyo ƙarƙashin rairayi. Wannan ba wutar gida ba ce, aro ce. Doka ta hana, tarar in ta zo ba ta tambayar wanda ya ja wayar, kuma da damina, a ƙasar Dallol inda ruwa ke kusa da fuska, wayar da aka binne ba kariya tarko ce ga yara masu yawo ba takalmi.

Duk wannan tsari yana aiki ne in akwai wutar. Tun 1976 yammacin Nijar yake shan wutar Kainji ta layin Birnin Kabi, har ya zamana kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta rufe layin a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, ba a sake shi ba sai bayan ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu na 2024. Injinan Goru Banda da aka buɗe cikin 2017, da tashar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a wurin cikin 2023, sun rage raɗaɗi, ba su cike gurbin ba. Madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta cikin 2008, har yanzu jiranta ake yi. Watannin nan sun koya wa masu haya abin da mutanen ƙauye suka riga su sani, a ƙasar da kimanin mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da lantarki: faifan hasken rana da batir ba kayan marasa gata ba ne. Ga mai haya ma suna da wata falala da kontar ba ta da ita, wato nasa ne, yana kwance su ya ɗora a mota ranar da aka sake canza masa wuri.

Sai dai a saye su da lissafi. Fanka mai wat 50 in ta yi awa 8 ta sha 400. Ƙwai uku na zamani na awa 5 ba su wuce 150 ba. Talabijin ƙarami na awa 4 ya kai 200, cajin waya biyu ɗan abu ne kaɗan. Jimla tana wajen 800 a yini, abin da faifai mai wat 200 ke iya kawowa a ranar Kurfai in an share masa ƙura, wadda da hunturu takan lulluɓe shi cikin kwana biyu. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1.200, amma irin na dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi rai, zafi kuma yana tsufar da shi da wuri, don haka ba a aje shi ƙarƙashin kwano. Firiza ba ta cikin wannan lissafi, ita wani babi ce mai tsada. Kuma tun ranar ganin ɗaki a nemi iznin hawa rufi, a duba inda faifan zai zauna ba inuwar bedi ba, ba kuma inda hannun mai wucewa zai kai ba.

A fannin intanet ne kawai za a ce akwai zaɓi, tunda kampanoni huɗu ne a kasuwa. Akwai Airtel, wanda ya shigo da sunan Celtel cikin 2001 ya zama Zain kafin ya ɗauki sunansa na yanzu cikin 2010, har gobe kuwa akwai tsofaffin da ba su san shi da wani suna ba sai na farkon. Akwai Moov Africa, magajin Telecel. Akwai Zamani Telecom, wanda ya karɓi Orange Niger bayan sayar da shi cikin 2019. Akwai Niger Telecoms na gwamnati, da aka haifa cikin 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. A Yamai mutum yana iya zama ya gwada farashin forfe na wannan da na wancan. A Imanan da Kurfai farashi shi ne tambaya ta biyu, ta farko ita ce wane rezo ne ke shiga ɗakin. Garuruwan nan cikin kwarin Dallol Bosso suke, ga gangaren dutse a gefe, unguwar da ke fuskantar hasumiya tana samu, wadda ta laɓe bayan tudu tana rasawa. Katangar laka mai kauri da rufin kwano suna ƙara rage abin da ya iso. Waya tana iya nuna sanduna huɗu a tsakar gida, a shiga ɗaki a rufe ƙofa su koma ɗaya. Kuma sandunan kira daban, na intanet daban: layi yana iya ɗaukar murya tsaf ya kasa sauke hoto guda.

Wannan ba maganar nishaɗi ba ce. Rahoton da sufeto ke jira daga daraktan makaranta, da ƙididdigar mako da ake nema daga shugaban asibitin ƙauye, yanzu ta WhatsApp suke tafiya, kuma uzurin "babu rezo" ya daina karɓuwa a ofisoshi. Mai sayen dankali yana son jin farashin Katako da asuba kafin ya yi ciniki a gona, in labari ya makara awa biyu ribar mota guda ta tafi. Kuɗin da ƴan bida ke aikowa daga Kurmi ta Nita ko Al Izza ko Amana, saƙon waya ne ke sanar da isowarsu. Saboda haka gwajin ɗaki ba ya cika sai an shiga ciki da layi biyu ko uku, an rufe ƙofa, an aika saƙon murya, an sauke hoto, an kuma maimaita bayan sallar lisha, lokacin da gari duka ya hau layi. Wanda ba ya da lokacin wannan ya tsaya wurin mai cajin waya na unguwa. Shi ne ke riƙe da wayoyin mutane hamsin a yini, ya san layin da ke mutuwa in an ɗauke wuta, da wanda hasumiyarsa ke da faifan rana, da wanda ke kwana biyu bai dawo ba in iska ta taso. Bayaninsa ya fi na allon talla.

Riƙe layi biyu a wannan yanki dabara ce ta dole, balle a jahar Tilaberi inda a shekarun nan ƴan bindiga suka sha lalata hasumiyoyin waya a wasu wurare. Amma a sani wani lokaci kampanoni biyu bisa hasumiya ɗaya suke, ranar da ta tsaya su tsaya tare.

Starlink, da ya sa hannu da gwamnati cikin Oktoba na 2024 ya fara aiki cikin Maris na 2025, ya ƙetare matsalar tudu da kwari, tunda daga sama yake saukowa. Tsadar na'urarsa da kuɗin wata sun fi ƙarfin malamin makaranta shi kaɗai, yana kuma son wuta dare da rana da rufin da ba abin da ya tsare masa sama. Abin da ake gani shi ne mutane suna haɗa kuɗi su kafa guda a gida, ko a sayi tikitin awa ko na yini wurin mai shagon da ya kafa. Masu haɗa kuɗi su lura sun koma gidan jiya: na'ura ɗaya, rajista da sunan mutum ɗaya, masu sha shida. Da sunan wa take, wa ke biya in ɗaya ya yi tafiya, wa zai ɗauke ta in gwamnati ta watsa su, tambayoyin kontar zaure ne suka hau rufi.

Ranar tashi takan zo cikin Yuli, bayan jarrabawa, ko a duk lokacin da takarda ta sauko daga Yamai. Faktir ɗin watan ƙarshe ba ta fitowa sai mai ita ya yi nisa, nan ne bashin da zai faɗa kan baƙon Oktoba yake haihuwa. Wasu sukan ƙiyasta kuɗin su bar wa mai gida, a karɓa da godiya, a kashe su a cefanen sati. Wasu su je ofis da adadin ranar, su biya, su karɓi takarda, su bar kwafinta hannun maƙwabcin da ya fi daɗewa a gidan. A wasu zaurukan Filinge, in aka haska bangon da ke gefen kontar, ana ganin lambobi jere da alli ko da gawayi, kowace da kwanan wata a gabanta, hannu daban-daban, wasu sun kai shekara biyar ba a shafe su ba.